Turke na Arba'in da Ɗaya

Lahadi, farkon damina

Zuwa ga Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da tsohuwar amaryata da ka riƙe mini shekara da shekaru ka ƙi saki. Yaya ƙafar? Direba ya ce har yanzu jan ta kake yi, kuma ka ƙi shan ƙwayar da na aiko, wai ɗaci gare ta. Kai da ka shekara tamanin kana ɗura wa mutane magana mai ɗaci, yau ƙwaya ɗaya ta gagare ka. Ka gaishe mini da Yaya da yaranta uku, da mijinta, da surukinta Maƙeri in har yanzu yana iya ɗaga guduma.

Ni ƙalau nake, ban da tarin da ƙurar takarda ke sa ni. Shagon yana nan yadda na ba ka labari: ɗaki ɗaya mai taga ɗaya, injin yankan takarda ya cinye rabinsa, tukunyar gam tana wari a kusurwa, ni kuma ina kan benci da allura da zare ina ɗinke littattafan da mutane suka yaga. Maigidana ya ce bai taɓa ganin mai nawa irina ba, don duk littafin da aka kawo sai na karance shi kafin in ɗinke. Na ce masa wannan ce makarantar da ban samu ba, ya bar ni in ci rabona.

Da kunnenka yana shiri da wayar salula da ban tsaya rubutu ba, da tuni maƙwabta ma sun ji muryata. A bakin Direba na ji, a tasha, kamar bare. Wai masu awo sun zo da na'urarsu mai ƙafa uku, sun shafa wa turken iyaka na arba'in da ɗaya farin fenti, sun ja igiya daga shi zuwa na arba'in da biyu, kuma ta nan shingen waya zai bi. Wai igiyar ta bar gonar Baba a waje. Gonar da ka ba shi, ya rasu ya bar mana ni da Yaya, wadda kabarinsa yake a gindinta ƙarƙashin tsamiya. Kaka, haka ne? In haka ne, me ya hana a gaya mini? Ko sai ranar da na zo ziyarar kabarin ubana soja ya ce in nuna fasfo?

Na karanta yadda aka ja layin nan tun farko. Wasu mutum biyu ne da ba su taɓa shan ruwan rijiyarmu ba suka shimfiɗa taswira a kan teburi suka ɗora rula. Da ma sun raba tudu da gangare ne, mu 'yan tudu nan, 'yan gangare can, da sai a ce sun yi zalunci mai tsari. Ina. Tsaye suka tsaga mu kamar rake, kowane ɓari da tudunsa da gangarensa. Sai ya zama a wannan ƙasa mu ne da yawa, ana ce wa 'yan gangare baƙi, a waccan kuma su ne da yawa, ana ce wa 'yan'uwanmu baƙi. Mutum ya zama baƙo a kan kushewar kakansa. Masu rular sun tafi abinsu, sun bar mu muna gadin zanen fensirinsu da bindiga. Yanzu kuma za a sa masa ƙaya.

A nan birni maganar rediyo ke nan kullum, wai 'yan gangare suna cin ƙasarmu taki-taki. Da tsaki nake yi in kashe. Yanzu da abin ya zo kan gonar Baba, wallahi na fara saurare, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Ka rubuto mini gaskiya. Ban da karin magana, na ƙoshi.

Jikanka, wanda ka laƙaba wa Barkono


Alhamis

Zuwa ga Barkono,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a zaune don kada zafinta ya kayar da ni. Muna lafiya. Ƙafa ta ɗan saki. Amaryar taka ta ce mijin da ko sabulu ba ya aikowa ba a zaman jiran sa. Ƙwayar na sha uku, sauran na ajiye maka, don ka fi ni bukatar abin da zai sanyaya jini. Yayarka lafiya. Autanta ya fara tafiya, bai nufi ko'ina ba sai maƙera, Maƙeri yana ta washe bakin da ba haƙori. Ruwa ya sauka sau biyu, mun yi shuka.

Abin da Direba ya gaya maka haka yake. Ban rubuta maka ba don na san wanda zan rubuta wa. An ce shingen ba zai iso mu ba sai bayan girbi, saboda haka amfanin bana namu ne.

Ka ce ban da karin magana, to ga ta a fili. Ka bar turken nan inda yake. Kada ka je ofishin kowa, kada ka rubuta wa kowa, kada ka tayar da zancensa ko a teburin mai shayi. Akwai abin da ba na son sa wa a takardar da za ta bi hannu uku kafin ta same ka. In ka zo bayan girbi zan gaya maka da bakina.

Rediyo kuma ka ci gaba da kashe shi. Mai surutun bai san ko gangare gabas take ko yamma ba.

Kakanka


Asabar

Kaka,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin ƙafa ta saki. Ka gaya wa amarya sabulu yana hanya, ta daina ɓata mini suna a gari. Tarina ya yi sauƙi.

Yanzu ka gyara zama. Wani ofishin ajiyar tsofaffin takardu ya kawo mana aiki, buhu huɗu na rahotannin zamanin Turawa da gara ta fara ci, wai a sake musu bango. Maigida ya zube mini su a gaba ya ce in ya kama ni ina karatu sai ya ɓoye fitila. A buhu na uku na ci karo da wani littafi mai jan bango. Turakun iyaka ne a ciki, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da inda aka kafa shi. Da harshensu aka rubuta. Kwana uku na yi a kansa da ƙamusuna wanda ƙarshensa ya yage, ina tono kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tonon gyaɗa. Ga abin da ya ce a kan namu: turke na arba'in da ɗaya, taki arba'in gabas da tsagaggen dutse.

Kaka, tsagaggen dutse ɗaya ne a duk yankinmu. A inuwarsa na yi wayo. Turken kuma yau ina yake? Can bayan maƙera, a bakin kwari, ya fi taki ɗari uku daga dutsen. Siminti ba ya da ƙafa. Wani ne ya ɗauke shi.

Na juya wata takarda na zana da rular shago. Na mayar da turken gindin dutse, na ja layi daga nan zuwa na arba'in da biyu. Layin ya bi ta bayan tsamiya. Gonar tana ciki, kabarin yana ciki, har da ragowar fili. Ashe ba Turawa ne suka fitar da Baba ba, sata aka yi mana da rana. In kana son sanin ɓarawo kuma ka duba wanda kaya suka faɗa hannunsa. Gona ta faɗa waccan ƙasar, ƙasar da 'yan gangare ke mulki. Ban ce su Maƙeri ba, duk da 'yan gangare ne, su namu ne. Amma danginsu na can fa?

Yanzu na gane abin da ba ka son sa wa a takarda. Kun san an yi satar, kuka yi shiru. Kada ranka ya ɓaci, amma ku mutanen da haka kuke, in kun hangi kaki sai hula ta sauka da kanta. An tsaga ku kun ce ƙaddara, an sace muku turke kun ce haƙuri, gobe a ɗauke rijiya ku ce da ma ruwanta da gishiri. Na san za ka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ni ban hau rimi ba, littafi na buɗe, kuma na gani baƙi a kan fari.

Kwamitin shata iyaka yana da ofis a nan birni, yana karɓar ƙorafi har ƙarshen watan gobe. Na ɗauki hoton shafin. Saboda girmanka ban kai ba tukuna. Zan jira amsarka. In kana da hujjar da ta wuce tsoro, ka faɗa mini. In na ji shiru, na ɗauka ba ka da ita.

Barkono


Litinin, ƙarshen wata

Kaka,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, don ba ni da hanyar sani. Kullum sai na leƙa tasha, ba Direba ba labarinsa. An ce ruwa ya cinye gadar da ke hanyarku, motoci sun tsaya can. Na ce ko gada ta karye, wanda yake da magana zai ba mai babur, ko mai kwalekwale. Sati huɗu ba ƙaramin jira ba ne ga mutum irina, kai ma ka sani.

Yau ce ranar ƙarshe ta karɓar ƙorafi, kuma yau na kai. Na rubuta shafi biyu da hannuna, na haɗa da hoton shafin littafin da zanena. Akawun da ya karɓa ya fara yi mini kallon banza saboda gam ɗin da ke rigata. Da ya karanta sai ya miƙe tsaye, ya shiga da ita ciki da kansa. Ya dawo ya tambaye ni jami'ar da na yi. Na ce masa jami'ar benci.

Ba zan ɓoye maka ba, na fito ina jin kaina kamar na ƙara tsawo. Karo na farko ke nan da karatuna ya yi wa wani amfani, kuma Baba ya yi wa. In ka yi fushi, ka yi. Ranar da aka mayar da turken gindin dutse za ka huce.

Zan ajiye wannan a tasha har mota ta samu.

Barkono


Talata, washegarin zuwan takardarka ta jan littafi

Barkono,

Lafiya muke. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, Direba zai juya da azahar, ga hadari ya haɗu. Ka matsa sai na sa a takarda, to na sa. In ka karanta ka ƙone ta.

Ba ɓarawo ne ya ɗauke turken ba. Ni ne. Ni da Maƙeri, da shanun huɗa biyu, da ƙyauren ɗakin amaryarka. Ka sha tambaya kana ƙarami me ya kankare bayan ƙyauren nan, muna ce maka akuya ce.

Shekara hamsin da ɗaya ke nan. A lokacin gidajen su Maƙeri guda shida a waccan ƙasar suke, taki kaɗan bayan layi. Ba wanda ya damu, rijiya ɗaya muke sha. Sai yaƙi ya tashi a can. Sojojinsu suka riƙa bin ƙauyuka suna kwasar samari, mota ta tafi cike ta dawo wayam, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya dawo ba. Maƙeri yana da ƙanne huɗu da suka isa ɗauka, shi ne na biyar. Za ka ce me ya hana su gudo gidanmu. Sun gwada. Sojojin namu suna mayar da duk wanda ya tsallako.

Abu ɗaya muka lura da shi. In masu kwasar sun zo, turke suke fara nema. Hafsansu ya tsaya a gindinsa, ya hangi na gaba, ya hangi na baya, abin da ke wannan gefen ba ya taɓawa, don kada a ce ya shiga ƙasar wasu. Sai Maƙeri ya ce da ni, an hana mutum tsallake layi, amma bai ji an hana layi tsallake mutum ba.

Ranar kasuwa ce, da rana tsaka, gari ya watse, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka tone shi, muka kwantar da shi a kan ƙyaure, shanu suka ja har bayan maƙera. Ruwan ya shafe sawu. Bayan kwana tara motar ta zo. Hafsan ya tsaya a gindin turke, ya hanga, ya duba takardarsa, ya sake hangawa, ya tofar da yawu, suka wuce. Da aka zo ƙidaya bayan yaƙi, a wannan ƙasar aka rubuta gidajen shida. Katinsu na zama ɗan ƙasa irin naka ne.

Na san gonata za ta fita. Layi kamar igiyar shanya yake, in ka ja tsakiyarta gefe, wani wuri ya shiga, wani ya fita. Amma a lokacin fita ba komai ba ce. Da safe in je ƙasar waje in yi noma, in dawo gida in ci abincin rana. Wa ya san za a yi zamanin da za a sa wa layi ƙaya?

Kai maɗinki ne, ka san zare kai biyu gare shi. Ka ja layi daga dutse zuwa na arba'in da biyu, ka ga gona ta dawo. Yanzu ɗauki rular taka ka ja daga na arba'in zuwa dutse, ka ga wanda ya fita. Yayarka ce, da mijinta, da yaranta, da mutum sittin da wani abu. Wannan ƙasar za ta ce kuna waje. Waccan za ta ce katinku na maƙwabta ne, ba mu san ku ba. Kuma mai surutun rediyo zai samu abin da ya daɗe yana nema, ya ce ga shi an kama 'yan gangare da satar iyaka. Ba zai ce wani ɗan tudu ne ya kawo shanun ba. Ka san abin da ke biyo bayan irin wannan magana a kasuwanni.

Ubanka ya sani, na gaya masa ranar da na ba shi gonar. Da ciwonsa ya yi tsanani shi ya ce a sa shi a gindin tsamiya. Yana dariya ya ce shi da bai taɓa zuwa ko'ina ba, ga shi zai tare a ƙasar waje ba fasfo.

Ka ce hularmu tana sauka da kanta. Wataƙila. Ban ce ka yafe mini gonar ba, taku ce na bayar tun ba a haife ku ba. Abu ɗaya nake roƙo, kuma ban taɓa roƙonka ba. Kada ka kai takardar nan.

Kakanka


Juma'a

Kaka,

Ina gaisuwa. Ban san da wace fuska zan tambayi lafiyarku ba, amma ina tambaya.

Takardarka ta zo ranar Laraba. Kwana ashirin da biyu ta yi a aljihun motar Direba a bayan karyayyar gada. Tawa ta ƙarshe tana hannunsa yanzu, za ka karanta ta kafin wannan, ka ji ina cika baki. Na kai ƙorafin kwana biyu kafin taka ta iso. Kwana biyu, Kaka.

Na karanta a tsaye a tasha. Na dawo shago na ciro zanena na ja ɗaya layin. Ya bi ta tsakanin rijiya da maƙera, ya ɗebe gidajen shida kamar an yanke su da injinmu. Na ɗora yatsa a inda ɗakin Yaya yake. Shekara nawa ina zagin masu rula, ashe jira nake ta zo hannuna. Rana ɗaya na riƙe ta, na yi abin da suka yi, na ja layi a kan takarda ban tambayi wanda ke kwance a ƙarƙashinsa ba. Su ko ba komai ba 'yar'uwarsu ba ce.

Jiya na koma ofishin. Bene ne, hawa na biyu, fanka tana juyi ba iska, taswira ta rufe bango guda an soka mata allurai masu jan kai. Wannan karon har kujera aka ba ni. Sakataren kwamitin ya ce takardata ta fi duk wadda suka samu, za a tura masu awo su nemo dutsen. Akwai wani mai babbar riga zaune a gefe, ɗan siyasa ne, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce irina ƙasa take nema, zai kai ni rediyo in faɗa wa duniya yadda aka yi mana sata. Na tambayi Sakatare, in an mayar da turken, gidajen da ke bayan rijiya fa? Ya duba taswira ya ɗaga kafaɗa. Mai babbar riga ya ce gida shida na 'yan gangare, ai sauƙi ma aka samu.

Ka san bakina. Maganganu goma suka taso mini, kowace ta isa ta sa a kira mini 'yan sanda. Na tuna in na faɗi ɗaya, za su tambayi abin da ya sa ɗan tudu yake kare gangare, daga nan sai tono. Na haɗiye su. Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci haka ba, ƙwayarka wasa ce.

Na ce na zo janye ƙorafina ne. Na ce ban yi makaranta ba, ƙamusuna ma yagagge ne, ina jin ban fahimci abin da na karanta ba. Na ce na bar gida tun ina ƙarami, duwatsu kuma suna da yawa a wajenmu, kowanne da tsagarsa, ban san wanda littafin yake nufi ba. Mai babbar riga ya saki hannuna kamar ya taɓa wuta. Akawun da ya miƙe mini tsaye ranar nan ya yi dariya ya ce, "Da ma na faɗa, masu karatun bakin titi ke nan." Na ce masa haka ne, ranka ya daɗe.

Sakatare ya gaji da ni. Ya ce turke ɗari uku ke gabansu, ɗan kwangila yana jira, kuma ƙa'idarsu ita ce inda ba mai ƙorafi, turken da ke tsaye shi ne shaida. Amma ba a janyewa da baki. Sai na rubuta cewa ba ni da wata magana a kan ƙasar da ta faɗa bayan layi, yau ko gobe, ni ko 'ya'yana. Ya miƙo biro. Na rubuta, na sa hannu. Rubutun ya yi kyau ƙwarai, don akawun ya gani.

Na nemi a ba ni takarduna, aka ce abin da ya shiga fayil ba ya fita. Ya buga masa hatimi ya jefa shi a kabad na ƙasa. Na leƙa, na ga gara ta riga ta yi gini a ciki. Yanzu ita ce lauyarmu.

Jan littafin kuma yana kan bencina. Na ɗauki reza na ɗora a gindin shafin, na daɗe a haka. Ban yanke ba. Littafin bai yi ƙarya ba, ni ne na karanta rabi. Na ɗinke shi, amma na matse ɗinkin sosai, sai mutum ya danne da hannu biyu kafin wurin ya buɗu. Wanda ya yi wannan wahalar, ina fata ya fi ni haƙurin ja layi biyu.

Kada ka ɗauka na huce. Ina fushi da kai da ka bar ni na girma ina zaton akuya ce. Ina fushi da duniyar da sai an saci turke kafin mutum biyar su rayu. Maganar hula kuma na janye ta, wannan ba sai na sa hannu ba.

Kada ka gaya wa Yaya yadda ta kusa kwana a waje. Takardarka na ƙone ta a murhun gam.

Jikanka


Lahadi, bayan girbi

Barkono,

Sallama. Muna lafiya, ƙafa ta koma gidan jiya amma ba komai. Sabulu ya iso, amarya ta ce ta fasa kai ƙara. Autan Yayarka ya ƙone yatsa a maƙera, ya warke, ya koma.

Shinge ya iso mu ranar Talata. Ya bi ta turke kamar yadda aka ja igiya. Gidajen shida suna ciki. Ƙofa kuma babu, mafi kusa tafiyar rabin yini ce, an ce za a duba.

Yayarka ban gaya mata ba. Maƙeri na gaya wa, don da shi aka fara. Ranar da za mu girbe gonar karo na ƙarshe, na fito na tarar da shi a bakin hanya da ƙannensa huɗu, tsofaffi biyar kowa da laujensa, wani ma da sanda yake tafiya. Ba wanda ya kira su. Aikin yini ɗaya muka yi kwana uku muna yi, rabinsa hutu ne a gindin tsamiya wajen ubanka. Ɗan ƙanwarsu da ke can ɓangaren ya karɓi gonar, ya ce ciyawa ba za ta rufe kabarin ba muddin yana da rai. In ka tsaya a bayan maƙera kana hango tsamiyar ta cikin waya. Nakan je da hantsi.

Ka ce ba ka huce ba. Kada ka huce duka, ka rage kaɗan na gaba.

Jiya muna tsaye a wurin, Maƙeri ya kama wayar da yatsu biyu yana murzawa, yadda yake yi wa ƙarfe in an kawo masa sayarwa. Ya ce turke sai da shanu biyu, wannan kuwa awartaki ɗaya ya ishe ta. Na ce masa ya ji tsoron Allah, ni da shi ko igiyar guga ba ma iya tsinkawa yanzu.

Ya ce shi ba mu yake nufi ba. Ya ce in tambaye ka yaushe za ka zo.

Kakanka